Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Hukumar EPA ta Yankin Ashanti: a gwada matatar bakteriya a rumfar masu fenti ta Magazin

Zuwa ga Darakta da ma'aikatan Hukumar Kare Muhalli, EPA, ofishin Yankin Ashanti, Kumasi. Kwafi ga malaman injiniyancin sinadarai da na muhalli a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah (KNUST), da Majalisar Suame, da shugabannin ƙungiyoyin masu sana'a na Magazin.

Ranku ya daɗe, ina gaishe ku da aiki, da fatan kuna lafiya ku da iyalanku.

Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a nan Kumasi, mazaunin Tafo Zango. Buƙata ɗaya ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ina roƙon hukumarku ta jagoranci gwajin matatar iska mai aiki da bakteriya a rumfar masu fentin mota guda ɗaya a Suame Magazin, babbar unguwar makanikai da maƙera ta Kumasi. A gina ta da kayan da muke da su a gari, a auna aikinta shekara guda cur, sannan a faɗa wa jama'a abin da aka gani, ya yi daɗi ko bai yi ba. Na rubuta da Hausa ne domin waɗanda maganar ta shafa su karanta, ko a karanta musu, don da yawa cikin yaran da ke riƙe da bindigar feshi 'ya'yan Zango ne, wasunsu ma ta ajina suka wuce. Ta Turanci na nan tafe ofishinku.

Wanda bai taɓa tsayawa kusa da mai fenti yana aiki ba, ga yadda abin yake. Mota na tsaye ƙarƙashin rumfar kwano, an rufe gilasanta da tsofaffin jaridu. Yaro ya tsiyaya tina, wato ruwan tsinka fenti, cikin fenti a yankakken gwangwani, yana juyawa da tsinke, hancinsa a bakin gwangwanin don ya ga ko kaurin ya yi. Kwamfaresa ta tashi, masta ya ɗaure fuska da tsohuwar singileti, ya fara feshi. Kafin ka ce kwabo hazo mai launi ya cika rumfar, ya fita ya sauka kan teburin mai wake da shinkafa da ke gefe, goyonta na barci a baya. In an tashi, a wanke bindiga da tina, a wanke hannu da tina, a watsa sauran a kwata. Sai a aiki ƙaramin yaro ya sayo madarar gwangwani kowa ya kurɓa, wai tana wanke fentin da ya shiga ƙirji.

Madara abinci ce mai kyau, amma ciki take sauka. Tururin kuwa huhu ya shiga, daga nan jini ya ɗauke shi ya kai ƙwaƙwalwa da hanta da ɓargo. A cikin tina akwai toluwin da zailin da asiton da danginsu. Su ne ke kawo jirin nan da ciwon kan yamma da yaran suka ɗauka gajiya ce kawai. Filar da ake cike lotsewar mota da ita tana fitar da sitayirin. Fetur, wanda makanikai ke wanke kayan inji da shi, wani lokaci ma su zuƙo shi da baki ta tiyo, yana ɗauke da benzin, shi kuwa an daɗe da tabbatar da cewa yana haddasa sankarar jini. Cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon a Faransa ta sanya ita kanta sana'ar fenti cikin ayyukan da ke jawo sankara tun 1989. Ba sabon labari na kawo muku ba, kun fi ni saninsa. Abin da nake so mu tattauna shi ne mafita wadda aljihun masta zai iya ɗauka.

Manyan masana'antu suna da hanyoyi biyu da aka fi sani. Ko dai a ƙone tururin a tanda mai zafin da ya haura digiri 700, wanda ke cin gas ko mai dare da rana, ko kuma a bi da iskar ta cikin gawayi na musamman da ke riƙe gubar. Shi gawayin ba ya kashe guba, ajiye ta yake yi. In ya cika dole a canza shi, sannan a san inda za a kai tsohon. Wanda ke lissafin kuɗin kwamfaresa da na wuta a kan kowace mota ba zai iya ko ɗaya daga ciki ba.

Hanya ta uku ita ce wadda nake roƙo a gwada. Ana gina akwati ko rami mai zurfin kamar mita ɗaya, a yi masa daɓe mai ramuka a ƙasa, a cika shi da gutsattsarin katako da ɓawon itace da taki ruɓaɓɓe. Fanka ta jawo gurɓatacciyar iska ta bututu ta tura ta ƙarƙashin daɓen, iskar ta riƙa kutsawa sama sannu a hankali. Kowane guntun katako yana lulluɓe da siririn ruwa mai yauƙi, a cikin yauƙin nan bakteriya ke zaune miliyoyi. Tururin ya narke cikin ruwan, su kuma su cinye shi, domin a wurinsu toluwin abinci ne. Abin da ke fita ta sama shi ne kabon dayoksaid da tururin ruwa, sauran kuma ya zama jikin sabbin bakteriya. Ba daga waje ake sayo su ba, suna nan cikin ƙasa da taki. Akwai wata da masana suka fi nazari a kanta, Pseudomonas putida, wadda ta shahara da cin toluwin, kuma irinta takan yawaita a ƙasar da mai ya daɗe yana zuba. Wato ƙasar Magazin baƙa ƙirin ɗin nan da muke tsallakewa da ƙyama, a nan ya kamata ɗaliban KNUST su fara neman irin da za a shuka.

Dabarar ta tsufa. Tun 1923 wani masani a Jamus mai suna Bach ya kawo shawarar amfani da ƙananan halittu wajen kashe warin matatun ruwan ƙazanta. A 1957 Richard Pomeroy ya yi rajistar fasahar a Amurka, inda ake bi da iskar magudanan ƙazanta ta cikin ƙasa. A shekarun 1980 Jamus da Holan suka ɗauke ta gadan-gadan, suka kai ta mayanka da wuraren sarrafa taki da masana'antu masu amfani da sinadarai, kuma lissafin da wani masani mai suna Ottengraf ya fitar a jami'ar Aindoben ta Holan a 1983 har yau injiniyoyi na dogara da shi. Abin lura a nan shi ne waɗannan ƙasashe na sanyi ne. Bakteriyan sun fi aiki tsakanin digiri 20 zuwa 40, don haka Bature sai ya yi dabarar hana matatarsa yin sanyi a lokacin hunturu. Mu a Kumasi Allah ya hutar da mu wannan wahala, kusan duk shekara cikin wannan zafin muke.

Kayan ma a ƙofar gida suke. Sokoban, inda aka mayar da kafintocin Anloga, kullum neman yadda za a yi da ɓarɓashin katako ake. Ga ɓawon koko a ƙauyukan da ke kewaye da mu, ga ɓawon kwakwa da masu sayarwa ke tarawa a bakin titi, ga ƙwanson kwakwar manja, ga kashin kaji daga gonaki. Aboboya, wato babur mai ƙafa uku na dakon kaya, biyu ko uku sun isa su kwaso na gwaji. Masu walda da za su haɗa bututu da akwati kuwa, ai a Magazin suke kwana suke tashi. Kuma ba yau jami'a ta fara shiga wurin ba. Cibiyar ba da shawara kan fasaha, TCC, da KNUST ta kafa a 1972 ita ce ta buɗe sashen isar da fasaha ga masu sana'a, ITTU, a cikin Magazin a 1980, aka koya wa masu sana'a narka ƙarfe da aikin injinan sassaƙa shi, abin ya yaɗu daga shago zuwa shago ba tare da an tilasta wa kowa ba. Mutanen Magazin ba sa sayen magana, amma in sun ga abu yana aiki, kafin wata uku sun ƙera nasu, wani lokaci ma ya fi na asali. Gani ya kori ji.

To amma zan ci amanarku in na tsaya a nan, domin matatar tana da sharuɗɗa, kuma a wurin sharuɗɗan ne irin waɗannan ayyuka suke mutuwa bayan an yanka kirtani an ɗauki hoto.

Babban sharaɗi shi ne ba ta tace iskar da ba a kawo mata ba. Rumfar da ke buɗe ta kowane gefe ba ta da bakin da za a sa bututu. Sai an yi ɗaki mai bango da ƙofa, iska mai kyau ta shigo ta gefe guda, fanka ta ja gurɓatacciyar ta ɗaya gefen, nesa da fuskar mai feshi. A ganina wannan ɗakin shi ne rabin aikin, domin ko babu matata a bayansa ya riga ya rage abin da yaro ke shaƙa. Fankar kuma dole ta kasance wadda ba ta tartsatsi, don tururin tina wuta yake jira. Kuma kafin iskar ta isa wurin bakteriya sai an tare ɗigon fentin da ƙurar yashi da wani abin tacewa, in ba haka ba fenti zai manne a jikin katakon ya toshe shi cikin ɗan lokaci.

Sai maganar fili, kuma a nan lissafi ba ya jin kunyar kowa. Iska na buƙatar ta daɗe cikin matatar kamar sakan 30 zuwa 60, don bakteriya su samu damar cin abin da ke cikinta. Toluwin da zailin ba sa narkewa a ruwa da sauƙi kamar asiton, saboda haka sun fi son a ba su lokaci mai tsawo. In fanka na jan iska mita kubik ɗaya a kowane sakan, to ana buƙatar matata mai mita kubik 30 zuwa 60. A zurfin mita ɗaya, wannan fili ne mai mita 6 a faɗi da mita 5 zuwa 10 a tsawo. Cikakken ɗakin feshin mota kuwa yakan ja ninkin wannan iskar sau da dama. Duk wanda ya san Magazin ya san fili irin wannan ya fi zinariya tsada. Shi ya sa ban ce kowane masta ya gina tasa ba. Ko dai a yi ɗakin feshi ɗaya na haɗin gwiwa wanda ake biyan 'yan sidi a kan kowace mota, ko kuma a fara da ƙaramin abu: ɗakin haɗa fenti, da wurin wanke bindiga, da inda ake shanya bamba da ƙofofi bayan feshi. Ni na fi karkata ga farawa da ƙaramin, don in ya lalace asarar kaɗan ce, darasin kuma ɗaya ne. Ana iya jera matatar hawa biyu don rage cin fili, wannan kuma aikin injiniyoyi ne.

Abin da ya fi damuna shi ne kula. Matatar nan kiwo ce: tana son ruwa, tana son abinci, kuma ba ta san ranar hutu ba. Danshin kayan cikinta ya kamata ya tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. In ka damƙi kayan a hannu ka matsa, ka ji sanyin ruwa a tafinka amma kada ya tsiyaya. In ya bushe sai ya tsattsage, iska ta samu hanyar ɓarayi ta wuce ba a taɓa ta ba, fanka na ta kuka kowa na zaton ana aiki. In ruwan ya yi yawa kuma sai ya cushe ya fara wari. Muna da lokuta biyu masu hatsari: hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da iska ke busar da komai har leɓen mutum, da kuma tsakiyar damina da ruwa ke sauka kamar da bakin ƙwarya. Na farko yana buƙatar a jiƙa iskar kafin ta shiga, na biyu yana buƙatar rufi da magudana. Wannan ne dalilin da ya sa na ce shekara guda. Gwajin wata uku a lokacin da yanayi ke da daɗi ba zai gaya mana komai ba.

Haka abinci. Masana'antar Turai tana fitar da tururi daidai wa daida daga safe zuwa dare. Mai fentinmu kuwa yau mota uku, gobe babu, jibi an ɗauke wuta, ga hutun Sallah ga na Kirsimeti. In an yi feshi tururin ya zo da yawa lokaci guda har ya fi ƙarfin bakteriyan, in an daina su zauna da yunwa. Sukan jure 'yan kwanaki su farfaɗo, musamman in akwai taki a cikin kayan, kuma masana sukan sa ɗan gawayi a gaba ya riƙe yawan ya riƙa sakinsa sannu a hankali. Ko gawayin ɓawon kwakwa na gida zai yi wannan aiki, tambaya ce da ta dace da ɗalibin digiri na biyu. Sabuwar matata ma ba ta fara aiki ranar da aka kunna ta. Sai ta yi kwanaki, wani lokaci makonni, kafin masu cin toluwin su yawaita. A gaya wa mastoci wannan tun farko, kada su shinshina ran farko su ce an yaudare su. Kuma a guji garin katako mai laushi, duk da shi ya fi arha, don cushewa yake yi. Gutsattsari ake so, a haɗa da taki saboda katako shi kaɗai ba ya da isasshen naitirojin. Bayan shekara biyu zuwa biyar kayan sukan ruɓe su zauna, sai an kwashe an zuba sabo.

Akwai kuma abin da ba ta iya yi ko an kula da ita yadda ya kamata. Ba ta cin ƙarfe: dalma da sauran ƙarafan da ke cikin wasu fentuna da batura ba abincin kowace halitta ba ne. Ba ta maganin hayaƙin tayar da ake ƙonawa. Kuma ba ta kare wanda ke tsaye cikin ɗakin da bindiga a hannu, maƙwabta take karewa. Fentin zamani da ake haɗawa da hadina, wato ruwan da ke sa fenti ya taurare, yana ɗauke da sinadarin aisosayanet, wanda ke cikin manyan abubuwan da ke jawo wa ma'aikata asma a Ingila, kuma wanda ya kamu, ɗan kaɗan ya isa ya tayar masa da ciwon har ƙarshen rayuwa. Singileti ba ta tare shi, takunkumin korona ma ba ya tare shi. Takunkumi mai gawayi yana rage tururin tina in ana canza gwangwaninsa a kan kari, amma ga aisosayanet abin da masana suka yarda da shi shi ne takunkumin da ake turo wa iska mai tsabta ta tiyo. Ina roƙonku, duk ranar da za a buɗe matatar, a faɗi wannan da harshen Tuwi da Hausa a lasifika, kada wani ya cire ɗan abin da yake sawa a hanci don an ce yanzu akwai na'ura.

Bari in ɗan ratse, don akwai inda fasahar ta fi sauƙi fiye da wurin fenti. Warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke tashi daga masai da wuraren zubar da ƙazanta da mayanka, haidirojin salfaid ne. Shi ne ainihin abin da aka fara ƙirƙiro matatar dominsa, kuma yana fita dare da rana, don haka bakteriya ba sa yunwa. Wannan gas yana da mugun hali: in yana kaɗan hanci na jin sa, in ya kai kimanin kashi 100 cikin miliyan sai ya kashe jijiyar jin wari, mutum ya zaci ya tafi, in ya ƙara yawa ya kayar da shi nan take. Ya fi iska nauyi, shi ya sa yake kwanciya a ƙasan rami inda masu yashe masai ke sauka. Bakteriyan da ke cin sa suna mayar da shi asid, saboda haka akan haɗa kayan da farar ƙasa ko dakakken ɓawon kawa, kuma ruwan da ke tsiyaya daga ƙasa ba a barinsa ya bi kwata. In kuɗi ya isa a yi gwaji biyu, to na biyun a yi shi a irin wannan wuri.

Doka ba ta rasa ba. Dokar masana'antu da ofisoshi da shaguna ta 1970 ta yi maganar iska da fitar da ƙura da tururi daga wurin aiki, dokar ƙwadago ta 2003 kuma ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata nauyin lafiyarsu. Amma yaron da ubansa ya kai wa masta da goro da 'yan kuɗi ba shi da takardar aiki, kuma ba zai kai ƙarar wanda ke ciyar da shi ba. In an zo da kwaɗo an rufe shago, rumfar za ta koma bayan wani gida a Tafo ko Aboabo ne, kusa da ɗakin kwanan yara, inda ba wanda zai gani. Ƙasar nan ta daina sayar da fetur mai dalma a ƙarshen 2003, guba ce da ido ba ya gani, kuma an yi nasara ne don an canza abin daga tushe, ba a bi direbobi ɗaya bayan ɗaya ana cin su tara ba. Irin wannan tunanin nake fata a nan.

Ga mastocinmu kuma, iyayena da yayyena, kada ku jira hukuma a kan abin da ke hannunku. Rufe gwangwanin tina bayan an tsiyaya ba ya cin ko kwabo, riba ma yake kawowa, don abin da ya tashi sama kuɗinku ne. A ajiye sabulu da ruwa don wanke hannu. A matsar da mai abinci daga inda iska ke kaɗa hazon. Yaron da ke tari da dare ko numfashinsa ke yin ƙara kamar usur bayan feshi a kai shi asibiti, a gaya wa likita sana'arsa.

Ranku ya daɗe, abin da nake nema daga ofishinku bai wuce ku tara ɓangarorin nan a tebur ɗaya ba: ku da na'urorin awo, jami'a da ɗalibanta, majalisa da ɗan fili, ƙungiyar masu fenti da rumfar da ta yarda. A auna tururin a bakin shiga da bakin fita, da kuma a wuyan rigar mai feshi, kafin a gina da bayan an gina. A rubuta kuɗin wuta da na ruwa na kowane wata. A naɗa mutum ɗaya da sunansa, daga cikin yaran shagon, a biya shi don ya riƙa duba danshi kowace safiya. Sakamakon kuma a liƙa shi a allo a bakin rumfar, a karanta shi a rediyo, kada ya tsaya a kundin digiri.

Ni a shirye nake in yi tafinta, in kuma zaga shaguna tare da ma'aikatanku. In za ku turo mai awo, ya zo tsakiyar mako da hantsi, lokacin da ake feshi, kuma kada a sanar da ranar. Zai yi kyau a fara ginin da wuri yadda bakteriyan za su kama kafin hunturu ya shigo.

Na gode da sauraro. Allah ya taimake ku a kan aikinku.

Naku,
Wani malamin kimiyya,
Tafo Zango, Kumasi.